Takardar Gwanintar Takobi: Wa Ya Sa Mata Hannu?

A watan jiya mun yi alkawarin cewa wannan karo za mu ci gaba da maganar kuɗin makaranta, da yadda iyaye za su riƙa tanadinsa tun kafin a koma hutu. To, sai ku yi mana gafara, domin wata magana ta sha gabanta, ko da yake ita ma ɗin maganar kuɗi ce da 'ya'yanmu.

Ranar wata Asabar bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida muna duba littattafan yara, sai ga wani maƙwabcinmu a nan zango, tela ne, dattijo mai 'ya'ya bakwai, ya yi sallama riƙe da wata takarda a cikin leda. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, kai ne ka yi boko, duba mini wannan. Yaron nan naka ne ya kawo ta." Yaron kuwa tsohon ɗalibinmu ne, yanzu shekararsa 16. Takardar kyakkyawa ce mai kauri, an yi wa gefenta ruwan zinariya, ga hoton takubba biyu a gicciye, ga wani jan hatimi, ga kuma rubutun Japanawa daga sama. Abin da aka rubuta da Turanci shi ne wai yaron ya kai mataki na uku, wanda suke kira dan na uku, a wasan kendo, watau wasan takobi na ƙasar Japan, kuma wai an ɗaura masa baƙar ɗamara.

Muka ce, "Alhaji, yaushe ya fara koyo?" Ya ce wata bakwai ke nan. Mai koya musu wani saurayi ne da ya kama hayar ɗaki a bayan kasuwa, yara kamar ashirin ke zuwa wurinsa da yamma. Yanzu kuma ya ce in an biya sidi 2,500 zai aika Japan a yi wa yaro takardar dan na biyar, wadda wai da ita ake samun bizar tafiya can. Alhaji yana da keken ɗinki biyu, har ya yi magana da wanda zai sayi ɗaya. Muka roƙe shi ya dakata mako guda. Abin da za ku karanta a ƙasa shi ne abin da muka faɗa masa bayan makon, sai dai a nan mun ɗan faɗaɗa shi, domin mun ji cewa ba gidansa kaɗai irin wannan takarda ta shiga ba.

Abu na farko, kuma mafi sauƙi: babu ɗamara a kendo. Ɗamara mai launi, fara ko baƙa, ta 'yan judo ce da 'yan kareti. Mai wasan kendo yana sa riga mai kauri, galibi shuɗiya, da wani wando mai faɗi kamar buje, da kwalkwali mai ragar ƙarfe a fuska, da sulken ƙirji, da safar hannu mai kauri kamar lifidi. In ka shiga ɗakin wasansu ka ga mutum biyu cikin shiri, babu wata alama a jikinsu da za ta nuna maka wane ne ya shekara arba'in yana yi, wane ne ya fara bara, sai sun ɗaga sanda. Sandar kuwa, wadda suke kira shinai, tsagin gora ne guda huɗu da aka haɗa aka ɗaure da fata. Saboda haka duk wanda ya ɗaura wa ɗanka baƙar ɗamara da sunan kendo, tun daga nan ya nuna bai taɓa zama a gaban masu abin ba.

Amma don a fahimci sauran kurakuran takardar, sai an san cewa a Japan tsari biyu ne ke riƙe da ilmin takobi, tsoho da sabo, kuma kowane da irin shaidar da yake bayarwa.

Tsohon tsarin shi ne na gidaje. Kafin shekarar 1868, lokacin da barade, watau samurai, ke riƙe da ƙasar, babu wata hukuma ɗaya da ke kula da koyar da takobi. Makarantu ne barkatai, ɗaruruwa, kowace da wanda ya kafa ta, da salonta, da asiranta. Su ne yanzu ake kira koryu, ma'ana tsofaffin makarantu. Wasu sun yi suna saboda kusanci da masu mulki. Alal misali, gidan Yagyu da makarantar Ono ta salon Itto su ne suka riƙa koyar da sarakunan yaƙi na zuriyar Tokugawa, waɗanda suka mulki Japan daga 1603 zuwa 1868. Akwai makarantar Miyamoto Musashi, wanda ya rasu a 1645, mai faɗa da takobi biyu, wanda yaranmu suka fi sani saboda finafinai. Akwai salon Jigen a can Kagoshima, kudancin ƙasar, wanda gidan Togo ke riƙe da shi.

Wadda ta fi jan hankalinmu ita ce makarantar Katori Shinto, wadda wani barde mai suna Iizasa Choisai Ienao ya kafa a ƙarni na 15, kuma har yau tana nan a lardin Chiba, gabas da Tokiyo. A 1960 hukumar lardin ta sa ta cikin kayan gadon al'ada da ake karewa. Shugabancinta yana hannun zuriyar Iizasa, daga magaji zuwa magaji. Shugaban gida, wanda suke kira soke, shi ke da sunan makarantar da ikon cewa wane namu ne, wane ba namu ba ne. Amma ba dole ne ya zama shi ke koyarwa ba. Shekaru da yawa wani babban malami mai suna Otake Risuke ne ya riƙe koyarwar da izinin gidan, har ya rasu a 2021. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun san gidajen da sarautar sana'a ke hannun magaji, alhali gwanin aikin wani bara ne da ya tashi a gidan, kuma kowa ya san matsayinsa.

Shiga irin wannan makaranta ba a yin sa da kuɗi kawai. A Katori, mai son shiga sai ya yi rantsuwa a rubuce, ya ɗan tsaga yatsa ya dangwala jininsa a takardar. Cikin abin da yake ɗaukar alkawari akwai cewa ba zai tona abin da aka koya masa ba, ba zai shiga caca da wuraren banza ba, kuma ba zai gwada takobi da mutanen wata makaranta ba sai an ba shi izini. A nan ya kamata mu faɗa wa iyaye gaskiya, rantsuwar da sunan abubuwan bautar Japanawa ake yin ta. Musulmin da tafiya ta kai shi har can, sai ya nemi fatawar malamai kafin ya miƙa yatsa. Kendo na zamani babu wannan rantsuwa a cikinsa, sai dai gaisuwa da sunkuyar da kai ga malami da abokin karawa, ita ma mun san akwai malaman da suke da magana a kanta.

Shaidar da tsofaffin makarantu ke bayarwa ba ta da lamba. Takardu ne naɗaɗɗu da shugaba ke rubutawa da hannunsa. Akwai ta farko, akwai wadda ke jera sunayen dabarun da ɗalibi ya riga ya karɓa, akwai ta izinin koyarwa da ake kira menkyo, sa'an nan ta ƙarshe, menkyo kaiden, wadda ke nufin an miƙa wa mutum ilmin gidan gaba ɗaya, babu abin da aka rage. Sau da yawa a ƙarshen takardar ana jera sunayen malamai tun daga wanda ya kafa makarantar har zuwa wanda ya sa hannu. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san wannan, ita ce ijaza da salsala. Darajarta tana ga sunayen da ke cikinta. In malamin da ya ba ka sananne ne, an san wurin wanda ya ɗauka, to takardarka tana da nauyi. In ba a san shi ba, ko da zinariya aka rubuta ta, takarda ce kawai.

Tsarin gidaje yana da nasa ciwon. Ba mai sa ido daga waje. Shugaba yana iya yawaita matakai don a yi ta biyan tukuici a kowane mataki, abin da ya sa a ƙarni na 19 wani malami mai suna Chiba Shusaku ya yi farin jini a birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokiyo, da ya rage matakan makarantarsa zuwa uku kacal, ɗalibai suka yi ta kwarara wurinsa. Har ila yau, in shugaba ya mutu bai bayyana magaji ƙarara ba, sai gida ya rabu. Makarantar Eishin, mai koyar da zare takobi, a yau tana da rassa da dama, kowane da nasa shugaban da ke cewa shi ne magajin gaskiya, kuma babu wata kotun takobi da za ta raba gardamar. Akwai dai ƙungiyoyi biyu da suka tattara tsofaffin makarantu, ɗaya an kafa ta a 1935, ɗayar a 1979 a ƙarƙashin babban zauren wasannin yaƙi na Tokiyo da ake kira Budokan. Aikinsu shirya bukukuwan nuni ne da adana tarihi, kamar nunin da ake yi kowace ranar 3 ga Nuwamba a harabar wurin ibadar Meiji. Ba sa ba kowa mataki, ba sa naɗa wa wata makaranta shugaba. Iyakar abin da shigarka cikinsu ke nunawa shi ne an duba salsalarka an yarda da ita.

To, ina sabon tsarin ya fito? Ya fito ne daga wahala. Bayan juyin mulkin 1868 aka rushe matsayin barade, a 1876 kuma aka kafa dokar hana yawo da takobi. Malaman takobi suka wayi gari babu ɗalibai, babu albashi. Wasu har sai da suka koma nuna wasan a dandali ana biyan kuɗin kallo, kamar yadda wani gwani mai suna Sakakibara Kenkichi ya fara a 1873. Abin da ya ceto sana'ar shi ne tawayen Satsuma na 1877, inda wata rundunar 'yan sanda masu takubba ta yi rawar gani, sai hukumar 'yan sandan Tokiyo ta shiga ɗaukar malaman takobi aiki. Tun daga lokacin 'yan sanda suka zama ginshiƙin wasan, har yau kuwa yawancin waɗanda ke cin gasar ƙasa, da ake yi kowace 3 ga Nuwamba, 'yan sanda ne.

Da aka tara malaman makarantu daban-daban a wuri ɗaya, sai matsalar da duk malamin makaranta ya sani ta taso: da wane manhaji za a koyar, kuma da wane ma'auni za a gwada? A 1895 aka kafa wata babbar ƙungiya a Kiyoto mai suna Butokukai, ta gina zaurenta a 1899, wanda har yanzu ake taron gwanaye a cikinsa kowane watan Mayu. Ita ce ta fito da laƙabai na girmamawa ga malamai, ita ce kuma a 1912 ta tara manyan gwanaye suka tsara darussa goma na bai-ɗaya, bakwai da dogon takobi, uku da gajere, waɗanda har gobe da su ake jarrabawa. Lissafin dan kuwa, na ɗaya, na biyu, na uku, aro shi aka yi daga judo, inda Kano Jigoro ya fara amfani da shi a 1883. Kano malamin makaranta ne, har ya shugabanci babbar kwalejin horon malamai ta Tokiyo, saboda haka ba mu yi mamaki ba da ya ga ilmi bai tsaru ba sai an yi masa aji-aji. Halinmu ne.

Ƙungiyar nan ba ta wanye lafiya ba. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta karɓe ta, Firayim Minista Tojo ya zama shugabanta, aka mai da wasan hanyar shirya samari zuwa fagen fama. Da Japan ta sha kaye a 1945, sojojin taron dangi ƙarƙashin Amurka suka hana koyar da kendo a makarantu, aka karɓe takubba masu ɗimbin yawa, a 1946 kuma aka rushe ƙungiyar. Masu son wasan suka yi dabara, suka sake masa kama da suna, suka mai da shi wasan motsa jiki kawai don a bar su su yi. Sai a 1952, da mamayar ta ƙare, aka kafa Tarayyar Kendo ta Japan, wadda ita ce uwar wasan har yau. A 1975 ta fito da bayanin manufarta, inda ta ce abin da ake nufi da kendo shi ne gyaran halin mutum ta hanyar ƙa'idojin takobi.

Wannan tarayya fannoni uku take riƙe da su. Akwai kendo, wanda ake karawa da sandar gora. Akwai iyaido, watau zare takobi daga kube, a yi sara, a mayar, mutum shi kaɗai ba abokin karawa. Akwai jodo, wanda mai sanda ke fuskantar mai takobi. A iyaido ma sai da aka tsara darussan bai-ɗaya don a iya gwada 'yan makarantu daban-daban da ma'auni guda: bakwai a 1969, aka ƙara uku a 1980, aka ƙara biyu a 2000, suka zama 12. Mutum yana iya zama ɗan tsohuwar makaranta yana da ijazarsa, kuma ya je ya ci jarrabawar tarayya ya sami dan. Takardu biyu ne, ɗaya ba ta zama a madadin ɗaya.

Yanzu ga inda takardar yaronmu ta faɗi warwas. A ƙa'idar tarayya, ba a ba yaro dan na ɗaya sai ya kai shekara 13. Daga nan sai ya yi shekara ɗaya kafin ya nemi na biyu, ya ƙara shekara biyu kafin na uku, uku kafin na huɗu, huɗu kafin na biyar. Ku ɗauko alli ku lissafa. Dan na uku ba ya samuwa sai bayan shekara uku da samun na ɗaya, na biyar kuwa sai bayan shekara goma. Ko da yaro ya fara tun yana rarrafe, bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ba zai riƙe dan na biyar ba kafin ya kai shekara 23. Namu kuwa wata bakwai ya yi. Sa'an nan ba malaminka ne ke ba ka ba. Kwamitin alƙalai ne ke zama, ka kara da wasu a gabansu, ka nuna darussan nan na bai-ɗaya, a ƙananan matakai har da rubutacciyar jarrabawa. Daga na ɗaya zuwa na biyar rassan tarayya na larduna 47 na ƙasar ke shiryawa, daga na shida zuwa sama sai uwar tarayya da kanta. Ba a aika kuɗi a aiko da dan ta gidan waya, sai mutum ya tsaya da ƙafarsa.

Mun daɗe muna juya maganar dan na takwas a zuciya. Bayan na biyar, shekara biyar kafin na shida, shida kafin na bakwai, sa'an nan goma kafin na takwas, kuma sai mutum ya kai shekara 46. Watau a bisa ƙa'idar gama-gari, shekara 31 ke nan daga na ɗaya, in ba a taɓa faɗuwa ba. A ranar jarrabawa ba a kiran sunan kowa, lamba ake liƙa masa. Ya yi karawa ta minti biyu sau biyu, in ya tsallake ya sake yin wani zagayen a gaban wasu alƙalan. Cikin mutum ɗari, kimanin ɗaya ke ci. Akwai dattawa masu furfura, malamai a garuruwansu, da suke zuwa shekara da shekaru suna faɗuwa, su koma gida su ci gaba da koyar da yara, baɗi su sake dawowa. Tun shekarar 2000 tarayya ta daina ba da dan na tara da na goma, saboda haka na takwas shi ne ƙololuwa. Ban da dan akwai laƙabai uku na malanta, renshi, kyoshi da hanshi, kuma ba a neman na ƙarshen sai mutum ya shekara takwas yana riƙe da dan na takwas. In kun ga wani ɗan shekara talatin yana kiran kansa dan na goma a kendo, to kun san abin da kuka gani.

Kada kuma mu sa ku ɗauka can aljanna ce. A 2018 tarayyar da kanta ta amsa cewa a sashen iyaido an daɗe ana miƙa wa wasu alƙalai kuɗi masu yawa kafin jarrabawar dan na takwas da ta laƙabin hanshi, da sunan gaisuwa. Jaridun Japan suka yi ta yayata abin, aka hukunta wasu manya. A ganinmu ba abin mamaki ba ne da ɓarnar ta fi kama iyaido, domin a can babu abokin karawa da zai buge ka kowa ya gani, ra'ayin alƙali ne kawai, alƙalan kuwa 'yan kaɗan ne da suka san juna. Mu da muke ba da maki a jarrabawar baka mun san yadda wannan ƙofa take. Bambancin dai shi ne akwai hukumar da za a kai wa ƙara, akwai rajistar da za a buɗe, har asiri ya tonu. Saurayin bayan kasuwa, wa za a kai wa ƙararsa?

A wajen Japan, Tarayyar Kendo ta Duniya ce ke riƙe da ragama. An kafa ta a 1970, hedkwatarta na Tokiyo, kuma ƙungiya ɗaya take amincewa da ita a kowace ƙasa. Ta raba duniya shiyya uku, Asiya, Amurka da Turai, shi ya sa Afirka ta Kudu, alal misali, a shiyyar Turai take. Tana shirya gasar duniya duk bayan shekara uku, ta 2021 ce annobar korona ta hana, ta 2024 kuwa an yi ta a Milan ta ƙasar Italiya. Japan ce ke lashe gasar maza ta ƙungiya kusan kullum, in ban da 2006 a Taipei, inda Amurka ta fitar da ita a kusa da na ƙarshe, Koriya ta Kudu ta ɗauki kofi. Kendo ba ya cikin wasannin Olamfik, kuma da yawa daga manyansa ba sa so ya shiga. Sun ga yadda judo, bayan shigarsa a 1964, ya fita daga hannun Japanawa har aka kawo shuɗiyar riga don masu kallon talabijin. A kendo alƙalai uku ne masu jar tuta da fara, sai biyu sun yarda ake ba da maki, kuma in ka yi sara mai kyau sa'an nan ka daka tsalle kana murna, sai a soke makin. Da za a kawo wannan doka filin ƙwallonmu na makaranta, da ba a tashi da ci ko ɗaya ba.

Don adalci, sai mu ƙara da cewa ba duk ƙungiyar da ke wajen wannan tarayya ce ta ƙarya ba. A Japan akwai wata tarayyar iyaido mai zaman kanta, mai tsofaffin malamai na kirki, akwai kuma wasu ƙungiyoyin da ke ba da nasu dan. Sai dai kowace takarda a gidan da ya ba da ita take aiki. Sunan da ke kan hatimin takardar yaronmu, wata ƙungiyar duniya ce wai ta gwanayen takobi, babu adireshi, babu sunan alƙali ko ɗaya, sai sa hannun saurayin nan a matsayin wakilinta na Afirka ta Yamma. Bayan haka, ko da takardar dan ta gaskiya ce, ba biza ba ce. Biza ofishin jakadancin Japan da ke Ankara, babban birninmu, ke ba da ita, da nasa sharuɗɗan.

Wani abu kuma da ya tayar mana da hankali shi ne da Alhaji ya ce saurayin yana da takobin ƙarfe da yake ba manyan yaran su riƙa juyawa a cikin ɗakin. A Japan kanta, ƙasar takobin, ba a wasa da wannan. A ƙarƙashin dokar 1958 ta bindigogi da takubba, duk takobin gargajiya sai an yi masa rajista, kuma abin da ya burge mu shi ne hukumar ilmi ta lardi ce ke yin rajistar, domin a matsayin kayan fasaha da tarihi ake riƙe shi. Katin rajista yana tare da takobin duk inda ya je. Maƙeri ba ya ƙera takobi sai ya yi aƙalla shekara biyar a hannun maƙeri mai lasin, hukumar al'adu ta ba shi izini, kuma an ƙayyade masa kimanin dogayen takubba biyu a wata. Masu koyon iyaido da takobi marar kaifi suke farawa, su shekara da shekaru a kansa. Tun 2012 wasannin yaƙi na gargajiya suka zama dole a ƙananan makarantun sakandare na Japan, amma inda aka zaɓi kendo, da gora ake yi, cikin kwalkwali da sulke. Yara ashirin a ɗaki ɗaya da ƙarfe tsirara, babu ko kwalkwali ɗaya, wannan ido ko yatsan wani ake jira.

Da muka gama yi wa Alhaji bayani, sai muka rubuta masa tambayoyi a bayan takardar awo, muka ce ya kai wa saurayin cikin mutunci, ban da faɗa: wane ne malaminka, kuma a ina yake? Wace ƙungiya ce ta ba ka naka dan, a wane gari, a wace shekara, su wa suka zauna alƙalanci? Mai gaskiya ba ya jin zafin irin wannan tambaya, da murna ma zai amsa, domin ambaton malami abin alfahari ne a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu. Alhaji ya tafi tare da wani ƙanensa. Saurayin ya karɓe su da fara'a, ya ce takardunsa suna wurin yayansa a Tema, zai kawo ranar Juma'a. Juma'a uku ke nan. An ce ya rage kuɗin dan na biyar zuwa sidi 1,000 ga sauran yaran, kuma mun ji gida biyu sun biya.

Keken ɗinkin Alhaji yana nan a shago. Yaron kuwa fushi yake da mu. Mun haɗu da shi a bakin masallaci, ya gaishe mu a daƙile, ya ce, "Malam, ai ko takardar ba ta da kyau, ni dai na iya abin da na iya." Ba mu musa masa ba, domin uwarsa ta ce wata bakwai ɗin nan kullum yana tashi kafin asuba, ya yi sara ɗari biyu da sandar tabarya a tsakar gida kafin ya tafi salla, yaron da a ajinmu sai an yi da gaske yake kawo aikin gida. Mun ce masa ya zo ranar Lahadi mu zauna tare mu rubuta wasiƙa zuwa sashen al'adu na ofishin jakadancin Japan, mu tambaye su ko akwai inda ake koyar da kendo ko judo a ƙarƙashin ƙungiyar da aka sani, kusa da Kumasi. Ya ce zai duba. Mun dai sayi ambulan da kan sarki mun ajiye.

Duk wanda irin wannan takarda ta shigo gidansa, yana iya kawo ta ofishin wannan mujalla a ba mu, za mu duba masa kyauta. Maganar kuɗin makaranta kuma sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.